Cinyar da Ango Zai Zauna a Kai

Klaten, farkon azumi

Zuwa ga Partinah, a Penang, ƙasar Malesiya.

Nduk, ɗiyata, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kin shiga azumi lafiya, kuma tsofaffin da kike jinya ba su cika wahalar da ke ba. Mu nan kowa lafiya, in aka cire ni. Budenki, matata Sarinem, tana nan da bakinta, 'yata Wartini tana nan, agwagi sun fara ƙwai. Mahaifiyarki ta biyo ta nan ranar kasuwa, tarin nan ya sake ta.

Na san za ki yi mamakin ganin takardata, tunda ba mu saba ba. Kakarki da mahaifiyata 'yan wa da ƙani ne, wato ni Pakdenki ne, kawunki, wannan kuwa ya ishe ni in ɗora miki damuwata.

Kafin azumi na sunkuya zan ɗauki tubali a bakin wurin gashi, sai na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Tun ina saurayi nake wannan sunkuyon, ban san abin da na yi masa ranar ba. Washegari ciwo ya sauko ta mazaunin dama, ya bi bayan cinya, ya yi zamansa a sharaɓa. Zama ya fi komai azaba. Ruku'u kuwa na manta yadda ake yinsa. Budenki ta ce iska ce ta shige ni, ta kankare mini baya da kwabo har na yi jawur, iskar ba ta fita ba. Ta naɗe ni da doguwar ɗamararta, ta shimfiɗe ni a kan katako, ina nan kwance tun lokacin ina ƙirga azarar ɗaki.

Ga abin da ya hana ni sakat. An sa ranar Wartini a watan Babbar Salla, kuma ba ta ɗaguwa, don daga shi sai watan Sura, na farkon sabuwar shekara, wanda ba mai aurar da 'ya a cikinsa. Kin san awo: in zauna gaban jama'a, amarya a cinyar hagu, ango a ta dama, Budenki ta tambaye ni wa ya fi nauyi, in ce ɗaya suke. To angon shi ne Busairi, ɗan tsibirin Madura, ba ƙabilarmu ba, mai sayen tsohon ƙarfe. Ba ki san shi ba. Ƙofar ɗakinmu sai ya karkace yake shiga.

Bara da aka fara maganar, na ce a shagon shayi, gaban kowa, ba ɗan Maduran da zai hau cinyata. Na faɗa, to. Daga baya na amince, don yarinyar ta kafe kuma shi ɗin yana salla. Amma garin nan ba a mantuwa. Yanzu duk faɗin jikina, ciwon bai ga inda zai sauka ba sai cinyar dama. In na ce ƙanena ya zauna a madadina, kowa zai ce cika maganata na yi. Jiya da shan ruwa Wartini ta ajiye mini shayi, ta tsaya a kaina ta ce, "Pak, babana, da gaske dai yana ciwo?" Ban iya shan shayin ba, Nduk. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai.

Mahaifiyarki ta ce a wurin aikinku akwai wata mai tayar da tsofaffi ba allura ba ƙwaya, lanƙwasa su kawai take yi. Ki tambayar mini ita. Amma kada ki gaya wa kowa a nan, ba na so a ji yarinya ce ke koya mini yadda ake kwanciya.

Pakdenki,
Ngadiyo

Penang, tsakiyar azumi

Pakde, ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Bude da amarya. Ina lafiya, sai kewar gida da kewar tempe, abincin waken suya irin namu, na nan ba ya da ɗanɗano. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne.

Na karanta wa Sista Letchumi takardarka. Ita ce likitar gashin ƙashi da ke zuwa mana, ni nake riƙe mata tsofaffin. Da na zo wurin katako sai ta dafe kai. Ta ce ka sauka daga kansa yau ɗin nan, ka kwance ɗamarar Bude. Kwanciya wuni guda ƙara sandarar da mutum take yi. Ka riƙa ɗan takawa safe da yamma a inda ƙasa take a miƙe, in ka ji ya isa ka dawo. Kada ka ɗauki tubali ko ɗaya. Kada ka daɗe a zaune, balle a 'yar kujerar nan taka ta tsugunno. Salla ka yi ta yadda jiki ya yarda.

Ta ce a ganinta jijiyar ƙafa ce aka danne, amma tunda ba ta gan ka ba, ka bi a hankali. Na zana maka motsi uku a takarda ta daban. Ka yi haƙuri da zanen, ka san ko a makaranta kyanwata kama da akuya take yi. Ka yi yadda ɗan mutumin yake yi, sannu a hankali, kana sauke numfashi, ba fizga ba. Ka ɗan tsaya a haka, ka saki, ka maimaita. Wanda ka ji yana ƙara maka azaba ka bar shi. Kuma duk sanda za ka rubuto, ka faɗa mini daidai inda ciwon ya kai, Sista ta ce wannan ta fi son ji.

Maganar Busairi kuwa, Mama ta riga ta ba ni labarinsa. Ta ce ranar da ya zo gaisuwa ya zauna a bencinku na gora, har yau bencin bai koma daidai ba. Pakde, da ka san haka, da ɗan siriri ka yi wa waccan rantsuwar.

Ba zan gaya wa kowa ba, tunda ka ce. Amma da za ka ji tawa, da ka nuna wa Wartini wannan takarda. Yarinyar tsoro take ji, ba raina ka ta yi ba.

Ɗiyarka,
Partinah

Klaten, bayan Ƙaramar Salla

Nduk, barka da salla, ki yafe mana abin da muka yi miki na sani da na rashin sani. Mun yi salla lafiya, Budenki ta dafa fiye da abin da za a ci kamar kullum. Ni kuma akwai albishir, amma bari in fara daga farko.

Zanenki ya kusa kashe ni. Ɗan mutum na farko na gane shi, yana tsaye jikin bango yana ture shi yana ɗaga kai. Na biyu yana tsaye da ƙafa ɗaya ya rungume gwiwa. Na ce to, mutanen Malesiya da ƙarfin hali. Na uku kuwa yana tsaye da ƙafa ɗaya, ya ɗora ɗayar a kai, ya kama cinya da hannu biyu, ga ƙunshin kaya a ƙeyarsa. Na je bayan gida inda ba mai gani na gwada. A kan kejin agwagi na sauka. Budenki ta fito da ludayi a hannu, ta karɓi takardar, ta juya ta gefe.

"Pak, wannan mutumin ai kwance yake."

"Wa ya ce miki?"

"Ga matashin kansa nan."

"Wannan kaya ne ya goya."

"Tsohon kawai. Wa ke goyon kaya a ƙeya?"

Yanzu dai ta sani, ita kaɗai. Ke ma da kin ja layi a ƙarƙashinsa mu san ina ne ƙasa.

Na koma yi a kwance har ƙarshen azumi. Na rub-da-ciki ya fi yi mini daɗi, wanda zan dogara da gwiwar hannu in ɗago ƙirji. Tafiya ma ina yi. To ga inda hankalina ya tashi. Ciwon ya bar sharaɓa ya hau cinya. Na ci gaba da yi. Ya bar cinya ya taru kaf a ƙugu, ya yi tsanani a can. Ranar salla Mbah Kariyo mai tausa ya shigo gaisuwa, na gaya masa ciwon ya hau, ban dai ambaci zanenki ba. Tsohon ya ajiye kofinsa.

"Hawa yake yi? Ngadiyo, tun kana yaro ka taɓa ganin na murza mutum daga ƙasa zuwa sama? Ciwo ta yatsun ƙafa yake fita. Daga ƙugu sai ciki, daga ciki sai ƙirji, daga ƙirji sai a kira liman."

Nduk, gaskiya ya faɗa, haka muka taso muka gani. Na ajiye zanen. Yanzu yana zuwa kullum yana murza ni da man kwakwa daga sama zuwa ƙasa, sannan ya zaunar da ni in miƙe ƙafafu, ya danna mini baya har sai na taɓo yatsuna. Ana ganin wuta, amma aiki yana kyau. Ƙugun ya yi sauƙi. Ciwon ya sauko cinya, ya wuce sharaɓa inda yake da, ya kai diddige, yau da safe har babban yatsa. Yatsan yana yi kamar tururuwa na yawo a ciki, Mbah ya ce ƙofa ce take buɗewa. Saura ƙiris ya fice.

Kada ki ji haushi. Ki gaya wa Sistarki na gode, wataƙila nata na tsofaffin can ne, ko kuma ke ce kika zana shi a juye har ya riƙa tura ciwon baya. Abin da ban gane ba kawai, me ya sa yanzu zaman cin abinci ma yake gagara ta, alhali ina samun sauƙi.

Pakdenki,
Ngadiyo

Penang, bayan Ƙaramar Salla

Pakde, barka da salla, a yafe mini kurakuraina. Ina lafiya, mun yi salla a bakin aiki. Ina fatan kowa lafiya.

Shiru ban ji daga gare ka ba tun da na aiko zanen, ko takardarka tana hanya ban sani ba. Wata 'yar garin Solo, nan kusa da ku, za ta gida gobe, shi ya sa na ce bari in rubuta 'yan layuka ta jefa maka a gidan waya na can, ya fi sauri.

Na san halinka, Pakde, in ka fara abu ka ga bai gama da wuri ba sai ka watsar. Don Allah duk abin da ka ga ya fara yi maka aiki, ka riƙe shi, kada ka fasa, ko da akwai ɗan zafi. In ciwon ya fara matsawa daga inda ya saba zama, kana kan hanya. Ka ci gaba har ranar biki.

Partinah

Penang, ƙarshen Shawwal

Pakde, ina gaisuwa, ina fatan wannan ta same ka a tsaye da ƙafafunka. Yau takardarka ta iso, na karanta ta a bakin ƙofa. Wadda na ba 'yar Solo ka yage ta. Lokacin da na rubuta ta ban san ka ajiye zanen ba, na ɗauka shi kake yi.

Ka dakatar da Mbah Kariyo daga danna maka baya. Ba raina shi na yi ba, shi ya gyara mini hannu da na faɗo daga keke, amma wannan ba irin nasa ba ne. Ciwon nan ba wani abu ba ne da ke tafiya a cikin ƙafarka yana neman ƙofa. Jijiya ce guda ɗaya doguwa, ta taso daga ƙugu har yatsa, kuma a ƙugun aka danne ta. In dannar ta yi yawa, zafin ya kai can nesa. In ta ragu, zafin ya dawo kusa da inda abin yake. Wato lokacin da ya hau ƙugu, warkewa kake yi. Yanzu da ya kai yatsa, baya ka koma. Laifina ne da ban faɗa maka tun farko ba, mu nan kullum muna faɗa har na ɗauka kowa ya sani.

Na san yadda wannan zai shiga kunnenka. Da na gaya wa Sista abin da Mbah ya ce, ta yi tsaye tana kallona, ta ce to in ya fita ta yatsa ina yake zuwa. Ni ma dai haka aka rene ni, har yau in zan yi wa tsohuwa tausa ƙasa hannuna yake yi.

Ka je asibitin gundumarmu a duba yatsan nan, kada ka jira. Kuma ka ji wannan da kyau: in ƙafar ta fara jan ƙasa, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu ba ka jin taɓawa, ko fitsari ko bayan gida ya rikice maka, ranar za a kai ka babban asibiti, ba washegari ba. Ka yi haƙuri da na faɗi irin wannan ga babba, dole ce ta sa.

In sun ce ba komai, ka koma na rub-da-cikin da tafiya. Sauran biyun ka ajiye su tukuna. Taɓo yatsu kuwa ka manta da shi. Ba zai hau ƙirji ba, Pakde. A ƙugu yake tsayawa.

Ɗiyarka,
Partinah

Klaten, watan tsakanin salloli

Nduk, gaisuwa da fatan alheri. Gida lafiya, an fara kawo itace da ganyen kwakwa na rumfa. Jikina kuwa ban san me zan ce miki ba, don ni kaina ban san ko sauƙi nake samu ko akasinsa ba.

Gajeriyar takardarki ce ta fara zuwa. Na ji daɗi, na gaya wa Mbah Kariyo har daga Malesiya an ce mu ci gaba. Ya ƙara ƙarfin danna. Sai ga doguwar ta zo tana cewa in yage ta farko. Na shimfiɗa su biyu a tabarma, hannu ɗaya ya rubuta su, ɗaya ta ce tafi, ɗaya ta ce dawo. Na ce da Budenki, yarinyar nan aiki ya taɓa mata kai. Ita ta tasa ni gaba muka hau babur ɗin haya zuwa asibiti. Wani yaron likita ya sa na yi tafiya a kan diddige, na yi a kan yatsu, ya caka mini tsinke nan da can. Ya ce ƙarfin ƙafar yana nan, sannan ya maimaita maganarki kamar a bayanki yake lokacin da kike rubutu.

Na koma rub-da-ciki. Ciwon ya bar yatsa, ya bar diddige, yana tsakiyar cinya yanzu. Kun ce in yi murna. Ina ƙoƙari, amma duk safiya sai na dafa ƙirjina na ji ko ya iso.

To ga sabuwa. Ni da sassafe nake zagaya gari, kuma ba na tsayawa hira don tsayuwa wuri ɗaya tana tayar da shi, gaisuwa ma da ka nake amsawa. In na dawo sai in shiga ɗakin baya in rufe, in kifa ciki in riƙa ɗago kai ina sauke numfashi. Tumirah maƙwabciyarmu ta leƙo ta tsagar gora ta gan ni. Tabarmata gabas take kallo, don ta haka kawai ɗakin yake ɗaukar tsawona. Madura kuma gabas take. Kafin azahar duk gari ya ji cewa Ngadiyo ya shiga aikin asiri, yana zagaya gari bebe, yana kwantawa yana hura wa gabas iska don ya warware auren 'yarsa. Mbah Kariyo, da na sallame shi, ya ce a shagon shayi ciwon da ya ƙi hannunsa ba ciwo ba ne. Mutanen kuma suka ce ai ga shi nan yana yawo garau.

Wartini ta ɗaga matashina za ta shanya, ta ga zanenki. 'Yan mutane uku ba ido ba baki, an murɗe musu ƙafa. Ta zo mini da shi.

"Pak, wane ne wannan? Mas Busairi ne?"

Dole na fito da takardunki duka. Ta zauna ta karanta, ta daɗe. Na ɗauka shi ke nan. Sai ta ce, "In don awon kake yi, me ya sa ka ɓoye mini?" Na ce kunya. Ta ce, "Kunyata ko kunyar a ce ka janye maganar shagon shayi?" Ni kuwa ban taɓa raba su biyun ba. Ta miƙe, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta juyo ba.

"In ƙanenka ne zai zauna, Pak, ka gaya mini yanzu in shirya Mas Busairi. Ba na so ya gani a gaban danginsa."

Budenki ma ta riga ta yi wa ƙanen nawa magana a ɓoye ya zo da rigar biki, ko da za a buƙata. Ni kaɗai ne a gidan nan ban san zan gudu ba.

Jiya na zauna a kujera na ɗora buhun shinkafa a cinyar dama don gwaji. Ban kai ƙarshen Fatiha ba na ture shi. Kuma buhun bai kai rabin Busairi ba. Ki tambayi Sista ko akwai wata dabara, ko da yake ina ganin kafin amsarki ta zo an gama.

Pakdenki,
Ngadiyo

Klaten, ƙarshen watan Babbar Salla

Nduk, ina gaishe ki, ina fatan kin yi Babbar Salla lafiya. An yi biki, baƙi sun watse, Budenki muryarta ta dishe, gidan ya yi mana girma. Takardarki ta zo bayan an sauke rumfa. Na ga kin ce in sa doguwar kujera da matashi a baya, kuma in rabu da buhun shinkafa. Na gode. Ciwon ya koma sharaɓa, na kuma koma tabarmata, na san hanya yanzu. Ki gaya wa Sista kada ta yi faɗa sai ta ji yadda aka yi.

Ranar tun safe nake tsaye ina karɓar baƙi, don tsayuwa da 'yar tafiya sun fi mini zama. Dangin ango sun cika mota biyu, suna magana kamar ana faɗa alhali gaisawa suke yi. Ƙanena yana gefe cikin rigar biki yana ta gyara hula. Tumirah ta samu kujerar gaba. Da aka zo awo, ban kalli kowa ba, na je na zauna.

Wartini ta zauna a hagu, ba ta dube ni ba. Busairi ya matso, na riƙe numfashi, na damƙe hannun kujera. Ya sauko. Ban ji komai ba. Na ce ko ƙafar ce ta mutu gaba ɗaya kamar yadda kika yi gargaɗi. Na motsa yatsa, yana motsi. Sai na lura zanen da ya ɗaura ne kawai yake taɓa nawa. Mutumin nan bai zauna ba, Nduk. Tsugunno ya yi a iska, ya ɗauke nauyinsa duka a ƙafafunsa, daga gaba kuwa kowa gani yake a zaune yake.

Mai jawabin biki kuma ya samu lasifika, kin san su. Ya shiga bayanin ma'anar awo tun daga kakanni. Ina jin cinyoyin Busairi sun fara karkarwa, gumi yana bin bayan kunnensa yana ɗiga a wuyan riga, fuskarsa kuwa murmushi yake wa jama'a. Duk garin nan an ce ƙarya nake yi. Wanda ya yi mini tausa tun ina yaro ya ce ƙarya nake yi. 'Yar cikina tana shakka. Wannan ƙaton da na ce ba zai hau cinyata ba, wanda ban taɓa gaya masa ko kalma ɗaya a kan ciwona ba, shi kaɗai ne ya yarda. Na ji kunya, na kuma ji ina son yaron, duka a lokaci guda.

Budenki ta matso za ta yi tambaya. Na ce a raina, yaya zan ce ɗaya suke alhali ɗaya ne kawai a kaina? Na sa hannu na kama ɗamararsa ta baya.

"Zauna."

"Pak, ƙafarka," ya ce ta gefen baki.

"Na ce ka zauna, ɗana."

Na ja shi, ya zauna. Ba zan iya kwatanta miki ba. Wuta ta tashi daga ƙugu ta tafi har yatsa, rumfar ta yi mini duhu, jikina duka ya ɗauki rawa. Wartini ta ji rawar a ƙarƙashinta. Ta juyo ta kalli fuskata, karo na farko a ranar, ta ga abin da ke ciki. Sai na ji cinyar hagu ta yi sakayau. Ita ma ta ɗage, ta tsaya a kan ƙafafunta, hawaye yana ɓata mata kwalliyar da aka wuni ana yi.

Ga ni nan dai da mutum ɗaya kuma. Na ce, "Ke ma zauna, kada ku haukata ni." Ta yi wata 'yar dariya cikin kuka, ta zauna a hankali, ta kama hannuna ta riƙe gam.

Budenki ta ce, "Pak, wa ya fi nauyi?"

Na ƙara damƙe hannun Wartini. Rumfa ta yi tsit, ƙanena ya taso rabi daga kujerarsa. Na ɗago kai, na faɗa yadda na bayan rumfa ma za su ji.

"Ɗaya suke, Bu. Duka biyun nawa ne."

Ban iya tashi daga kujerar ba. Busairi ne ya ɗaga ni, cikin kayan angoncinsa, ya bar jama'a suna jira ya kai ni har ɗaki ya kwantar. Bai yarda kowa ya taya shi ba.

Allah Ya dawo mana da ke lafiya ki gan su da idonki.

Pakdenki,
Ngadiyo